Yadda ikilisiya za ta tsaya wa iyalin da suka taso daga Birtaniya har su zauna da gindinsu

A wajenmu in ana maganar ƙaura hankalin kowa Ingila yake tafiya, ba a cika tuna cewa su ma mutanen Ingilan fita suke yi ba, kuma sun daɗe suna fita. Daga 1947 zuwa farkon shekarun 1970 sama da mutum miliyan ɗaya ne suka bar Birtaniya zuwa Ostareliya a kan kuɗin jirgi fam 10 kacal, ƙananan yara kyauta, kuma har gobe zuwa suke yi, ma'aikatan jinya ne, magina ne, malaman makaranta, 'yan sanda. Ni ina cikin kwamitin karɓar baƙi na wata ƙaramar ikilisiya a nan Ostareliya, to abin da zan rubuta shi ne yadda ake wannan aiki, daga abin da na da suka yi da abin da muke yi yanzu. Wanda yake kwamitin masallaci ko ƙungiyar 'yan gari a wata ƙasa daban ya ɗebi abin da zai masa amfani.

Asalin abin kuwa, bayan yaƙin duniya na biyu Ostareliya ta duba ta ga ƙasa ga ta nan faɗi ba iyaka amma mutanenta ba su kai miliyan 8 ba, ga Japan ta zo har Darwin ta yi ruwan bama-bamai a 1942, sai aka buɗe ma'aikatar shige da fice a 1945 aka naɗa Arthur Calwell ministanta na farko. Ita kuma Birtaniya yaƙi ya bar ta da ƙarancin gidaje da rabon abinci da kati wanda bai ƙare ba sai 1954. Sharaɗin fam 10 ɗin shi ne kana da lafiya, galibi ba ka kai 45 ba, kuma za ka zauna shekara biyu, in ka koma kafin nan sai ka biya abin da aka kashe a kanka sannan ka biya kuɗin komawarka. Hanyar zuwa biyu ce, akwai wanda gwamnati ta kawo ta sauke a sansanin baƙi, akwai wanda wani ya tsaya masa ya ce ni zan ba shi masauki. A 1957 lokacin Athol Townley yana minista aka ƙaddamar da shirin Bring Out a Briton, wato ku kawo ɗan Birtaniya, aka ce coci-coci da kulob-kulob irin su Rotary da kwamitocin garuruwa su zaɓi iyali su tsaya musu da gida da neman aiki. Kuma ba zan wuce ban faɗa ba, wannan ƙofa ta farar fata ce zalla, dokar da ta hana irinmu shigowa tun 1901 take kuma ba a binne ta gaba ɗaya ba sai 1973. Tsarin tarbar yana da kyau, wariyar da ke bayansa ba ta da kyau ko kaɗan, mu ɗauki na farkon mu bar na biyun.

Abu na farko, ku san inda ikonku ya tsaya. An rufe shirin tallafin kuɗin jirgin nan tun 1982, yau babu cocin da zai iya ba iyalin Birtaniya biza don ya ce ya tsaya musu. Biza ta hanyar makin cancanta da gwamnati ke ba mai nema take zuwa, ko kamfanin da ya ɗauki mutum aiki, ko gwamnatin jiha ta zaɓe shi, ko ta aure da dangi. Ba da shawara a kan biza ma doka ta keɓe wa wakilai masu rajista da lauyoyi ban da 'yan kaɗan da ta ware, don haka kada wani dattijon ikilisiya mai kyakkyawar niyya ya zauna yana cike wa mutane fom, ku haɗa su da mai rajista kawai. Duk wanda kuka ji yana karɓar kuɗi yana cewa cocinsa zai kawo mutum ƙasar waje, ku guje shi ku kuma gargaɗi jama'a. Inda har yanzu doka ta ba ƙungiya damar ɗaukar nauyi a hukumance to na 'yan gudun hijira ne, Kanada ta fara a 1979 kuma 'yan cocin Mennonite ne suka fara sa hannu da gwamnati, Birtaniya ta kawo nata a 2016 aka ƙaddamar a fadar Lambeth, gidan babban bishop na Cocin Ingila a Landan, Ostareliya ma ta fara gwada wani sabon tsari irin wannan a 2022. Na kawo su ne don ma'auninsu yana da amfani, Kanada ta ce aƙalla mutum biyar su tsaya wa iyalin kuma shekara guda cur, Birtaniya a farkon shirinta ta ce ku nuna fam 9,000 a hannu da gidan da iyalin za su iya zama shekara biyu da tallafin shekara ɗaya. In ikilisiyarku ba za ta iya riƙe iyali shekara guda ba kada ta fara.

To sai kwamiti. Kada a bar wa fasto shi kaɗai, shi yana da jana'iza da ɗaurin aure da wa'azin Lahadi, a wata na biyu zai gaji iyalin su zama ba na kowa ba. A samu mutum biyar zuwa takwas, kowa da abin da aka rubuta a gaban sunansa, wannan gida, wannan makarantar yara, wannan mota da takardu, wannan asibiti, kuma dole a samu mata biyu ko uku daga zumuntar mata don rabin aikin nan a hannunsu yake. Kuɗi a yi baiko na musamman a zuba a asusun ikilisiya, sa hannun mutum biyu, kada ya bi ta aljihun kowa. Sannan ku rubuta a takarda ɗaya abin da kuka yi alkawari da ranar da zai ƙare da abin da ba za ku yi ba, ku aika wa iyalin tun suna can. Yawancin saɓanin da ke tasowa daga baya daga "ai na ɗauka za ku" yake farawa.

Tun kafin su taso ku fara magana da su, kuma ku gaya musu gaskiya. Na da an cuce su da hotuna, a ofishin Ostareliya da ke Landan ana nuna musu rana da bakin teku da gida mai fili a gaba, suka iso suka tarar da ɗakin kwano da ƙuda. Ku tura musu bidiyon unguwar yadda take, kuɗin haya nawa a mako, bas minti nawa yake zuwa, zafin Janairu yana wuce digiri 40 a Adelaide da Perth, sanyin Yuli kuma yana shiga ƙashi don gidajen nan da yawa ba a gina su da abin ɗumama ɗaki irin na Ingila ba. Ku gaya musu makaranta a nan ƙarshen Janairu take buɗe sabuwar shekara ba Satumba ba, don su san ajin da yaro zai faɗa. Kayan da za su turo ta kwantena zai yi wajen wata biyu zuwa uku a hanya, kuma 'yan binciken kaya a iyakar Ostareliya ba sa wasa da ƙasa ko iri ko ɗanyen itace, takalmi da keke da kayan lambu sai an wanke tas. Akwai kuma tambayar da na fi ba muhimmanci, su duka biyun ne suke son tafiyar ko ɗaya ne ya ja ɗayan? Wa suke bari a baya, akwai tsohuwa mara lafiya? Wannan ba a taron bidiyo na kowa da kowa ake tambaya ba, wata daga cikin matan kwamiti ta kira matar ita kaɗai su yi hira.

Gida shi ne ƙashin bayan komai, a nan zan daɗe. Waɗanda ba su da mai tsaya musu a zamanin fam 10 sansani ake kai su, irin su Pennington a Adelaide da Villawood a Sidni, da yawa tsofaffin ɗakunan soja ne na kwano masu rufin baka, da rani tanderu da sanyi ƙanƙara, banɗaki na haɗaka, abinci a kantin na kowa da kowa kuma ana cire kuɗinsa duk mako, har ta kai wanda ya zo don ya tara kuɗin gida ya kasa tarawa. Julia Gillard da ta zama firaministar Ostareliya a 2010 iyayenta daga Wales suka kawo ta a 1966 tana 'yar yarinya, su ma a Pennington suka fara sauka. Akwai wata tsohuwa a ikilisiyarmu da ta zo da goyo a shekarun nan, duk lokacin da maganar ta taso ba zafin take tunawa ba, abin da ke sa muryarta rawa shi ne ba a yarda ta yi girki a ɗaki ba, sai dai ta kama hannun yara su bi layi da faranti, yaron ya ƙi cin abincin ita kuma ba ta da tukunyar da za ta dafa masa abin da ya saba. Ta ce ranar da wasu mutanen coci suka samar musu ɗaki biyu a bayan gidan wani manomi ta kunna murhu ta dafa dankali, ranar ta fara jin za ta iya zama a ƙasar. Abin da masu tsayawa suka fi gwamnati da shi ke nan.

Yau babu sansanin amma akwai dillalan haya, kuma su takarda suke so, shaidar tsohon mai gida a nan ƙasar, takardar albashi, kuɗin ajiya na kamar mako huɗu da na gaba a kai, shi kuwa baƙo bai da ko ɗaya daga cikin shaidun. A nan ne ikilisiya take yin aikin da maigida yake yi wa fatake a zangon Kumasi, ya sauke ka, ya kuma tsaya a gaban 'yan gari ya ce na san shi. Ku samar musu wuri mai kaya a ciki na mako shida zuwa takwas, ku rubuta musu takardar shaida a kan takardar ikilisiya, wani mai mota ya ware Asabar ɗinsa yana kai su duba gidaje don dubawar ba ta wuce minti goma sha biyar kuma jama'a cike. Kada ku sa hannu a hayar shekara a madadinsu ba su ga gidan ba. Kuma ni ban goyi bayan a sauke iyali guda a falon ɗan ikilisiya fiye da mako biyu ba, ko da mutanen kirki ne duka, mata biyu a kicin ɗaya da yaran da barcinsu ya juye, zumuncin da ake son ginawa shi zai fara tsagewa. Ku zaɓi unguwa kusa da bas da makaranta ko da gidan bai kai na bayan gari kyau ba.

Kwana ɗaya kafin su sauka a shiga gidan a gyara gadaje, a sa buta da ganyen shayi da madara da burodi da ƙwai, tukwane biyu, fanka, man kare fata daga rana, da hula ga kowane yaro don makarantun firamare a nan ba sa barin yaro ya fita wasa ba hula lokacin zafi. Kujerar yara ta mota kuma ku nemo ta nan, doka ta ce yaro ƙasa da shekara bakwai sai a cikinta, kuma wadda suka zo da ita daga Ingila ba ta cika ƙa'idar Ostareliya ba, mutane da yawa a filin jirgi suke gano wannan.

Ranar isowa mutum biyu sun isa. Na da jirgin ruwa suke hawa daga Southampton ko Tilbury su ratsa Suwez su yi mako huɗu zuwa biyar kafin su ga tashar jiragen ruwa ta Fremantle kusa da Perth, zuciya tana samun lokacin shiri a hanya. Na yanzu cikin yini da kwana an iso, tun 2018 ma akwai jirgin da ke tashi Landan ya sauka Perth kai tsaye cikin awa 17, jiki ya zo amma hankali yana can. Ku kai su gida, ku nuna musu makunnin wuta da yadda ruwan zafi yake aiki, ku bar abinci da lambar waya a kan tebur, ku gaya musu lambar gaggawa a nan 000 ce ba 999 ba, ku tafi ku bar su su yi barci. Liyafa da waƙar maraba su jira mako biyu.

Makon farko na takardu ne, layin waya, asusun banki, lambar haraji, rajistar Medicare, tsarin kiwon lafiya na gwamnati, wadda ta danganta da irin bizarsu duk da akwai yarjejeniyar kiwon lafiya tsakanin ƙasashen biyu, likitan unguwa, katin rigakafin yara, canza lasisin tuƙi. Ku bincika tun da wuri ko jiharku tana karɓar kuɗin makaranta daga masu bizar aiki ta wucin gadi, wasu jihohin suna karɓa kuma ba kaɗan ba. Batun aiki, galibi ɗaya ya zo da nasa ɗayan ne zai nema, mai aikin wuta ko famfo sai ya samu lasisin jiha ko da ya shekara ashirin yana yi a Ingila, to ku haɗa shi da ɗan sana'arsa. In ɗan ikilisiya ne zai ɗauke shi aiki, albashin doka zai biya da takarda, kada a ce ai ɗan'uwa ne a cikin Ubangiji a rage masa.

Duk wannan mai sauƙin ne. Inda ake faɗuwa wata na uku zuwa na shida ne, lokacin da kwamiti ya ga ai sun samu gida sun samu mota kowa ya koma harkarsa. Kuskuren da aka yi wa 'yan Birtaniya tun farko shi ne an ga Turanci suke ji sai aka ɗauka ba baƙi ba ne, ƙungiyar Good Neighbour da gwamnati ta kafa a 1950 ta yi ƙoƙari har zuwa 1978, amma duk da haka kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan fam 10 komawa suka yi, kuma abin da ya fi mayar da su ba rashin aiki ba ne, kewar gida ce. A sababbin garuruwa irin Elizabeth da aka kafa arewa da Adelaide a 1955, miji ya tafi masana'antar mota ta Holden ya yi abokai, yara sun tafi makaranta cikin wata biyu harshensu ya juye, ita kuwa matar tana gida ita da bango, uwarta da ƙannenta da maƙwabciyar da suka saba shan shayi tare duk suna wancan gefen duniya. In ta yi ƙorafi a ce mata 'yan Ingila ba su da aiki sai mita. Har yau haka abin yake, sai dai yanzu wani lokacin matar ce nas mijin ne a gida.

Na taɓa fitowa daga sujadar Kirsimeti na tarar da wata da muka karɓa tana zaune a mota a wurin ajiye motoci, gilashi a rufe rana na dukan kwano, tana riƙe da waya tana kuka ba sauti, a can gida dare ne kowa yana barci babu wanda za ta kira, kuma ita a saninta Kirsimeti sanyi ne da duhun yamma da gidan uwarta. Ba wa'azi take buƙata ba a lokacin. Wata mama daga zumuntar mata ta buɗe ɗaya ƙofar ta shiga ta zauna kusa da ita, ba ta ce komai ba sai da kukan ya lafa sannan ta ce "'yata, taso mu je gidana, akwai aikin yankan albasa."

To ku tsara wa wannan lokacin kamar yadda kuka tsara wa filin jirgi. "Ki kira ni in kina son wani abu" ba ya aiki, baƙo ba zai kira ba. A sa rana tsayayya, duk Talata da safe wance za ta biya ta ɗauke ta kasuwa, duk Asabar wane zai ja mijin kallon ƙwallon yara ko kamun kifi, kuma mutum ɗaya ne ba yau wannan gobe wancan ba. Ku nemi taimakonsu su ma, ya gyara famfon coci, ta koya wa wata ɗinki, mutum yana gajiya da zama mai karɓa kullum. In sun kushe ƙasar ku saurara kada ku tsaya kare ta. Kirsimetin farko da ranar haihuwar yara a san gidan da za su ci abinci tun da wata guda. Sannan a ajiye wani abu a asusu don ranar da waya za ta zo cewa an yi rasuwa a gida, tikitin gaggawa zuwa Landan yana da tsada sosai kuma ranar nan tana zuwa wa kusan kowane iyali.

Batun yara ba na sassauci a kansa. A daidai shekarun da coci ke tarbar iyalai da hannu biyu, wasu ƙungiyoyin coci da na agaji suna kwaso dubban yara daga gidajen marayun Birtaniya ba iyaye, wasu an ce musu iyayensu sun mutu alhali suna raye, aka kai su wurare irin Bindoon a yammacin Ostareliya aka sa su aikin gini aka ci zarafinsu. Sai da wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a daga Nottingham, Margaret Humphreys, ta tono abin ta kafa gidauniyar nemo musu dangi a 1987, sannan firaministan Ostareliya na lokacin Kevin Rudd ya nemi gafara a 2009, na Birtaniya Gordon Brown a 2010. Sunan coci bai kare yaro ko ɗaya ba. Don haka duk ɗan kwamitin da zai kusanci yara sai ya yi binciken da jiha ta tanada na masu aiki da yara, babu babba ɗaya da yaro ɗaya a mota ko a ɗaki, kuma iyayen su san wanda za su kai wa ƙara a wajen ikilisiya ba a cikinta kawai ba. Dattijon da ya ji haushin an ce ya yi binciken, a ba shi aikin ɗaukar kujeru.

Kuma kada taimakon ya zama igiya. Birtaniya ta yau mutane da yawa ba sa zuwa coci, wasu Katolika ne ku kuma ba su ba, wasu Musulmi ne ko Hindu 'yan Bradford ko Leicester. Ku gayyace su sau ɗaya da fara'a, in ba su zo ba ranar Talata dai a je a ɗauke ta kasuwa kamar kullum. Kada a tsayar da su gaban jama'a ana lissafa abin da aka yi musu, kada a sa hotonsu a Facebook na ikilisiya sai sun yarda, kuma abin da matar ta faɗa a kicin kada ya fito a roƙon addu'a na ranar Laraba.

Wasu duk abin da kuka yi za su ce komawa za su yi, kuma ba lallai laifin kowa ba ne. Na da dokar shekara biyu ta ɗaure su suna ƙirga kwanaki, ku kada ku ɗaure su da kunyar abin da kuka kashe. Ku dai ba su shawarar su ga zagayowar shekara guda in za su iya, kuma su tambayi wakili mai rajista abin da tafiyar za ta yi wa bizarsu kafin su sayi tikiti, don da yawa daga cikin na da da suka koma Ingila sun sake tattarowa sun dawo, wannan karon da kuɗin aljihunsu. In sun yanke shawara ku taya su maganar fita daga haya da dillali don a dawo musu da kuɗin ajiya, ku taya su sayar da mota da firij, a karɓo takardun makarantar yara da na asibiti, a kai su filin jirgi da mota biyu saboda kaya.